Sana'ar Ɗan Ci-rani Bayan Ya Dawo Gida

Shirinmu na yau ya yada zango ne a tsakiyar Jihar Katsina, ƙasar Dutsin-Ma da ƙasar Kurfi, tun daga Kutawa da Karofi da Makera har zuwa Birchi da Tsauri da Wurma. A waɗannan garuruwa da wuya a sami zuri'ar da ba ta da wani a Legas ko Abuja ko Fatakwal, ko ma a ƙetare, Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya. Maganar masu tafiya an sha yin ta: haɗarin hanya, da wahalar baƙunta, da kuɗin da ake aikowa gida. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ranar da mutum ya dawo, dawowar da ba ta komawa. An yi masa sannu da zuwa, an tambaye shi ya Ikko, yara sun karɓi tsaraba, an kwana biyu ana zuwa gaisuwa. To, a mako na uku fa, da wace sana'a zai fita neman abin da za a ɗora a murhu?

A zamanin kakanni wannan tambaya ba ta ma taso ba. Manomi ya gama girbi, ya sa gero da dawa a rumbu, sai ya kama hanya domin ya rage wa rumbun baki ɗaya, ya kuma samo kuɗin haraji da na sutura. Wani ya nufi Kano yin dako ko ga-ruwa, wani Jos haƙar kuza, wani ya bi malaminsa gabas, wani ya bi fatake Gwanja neman goro. Da hadari ya fara haɗowa, kowa ya dawo ya ɗauki sungumi. Ya tafi yana manomi, ya dawo yana manomi, kuma gandun mahaifinsa na nan yana jiransa. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, maƙwabciyar Kurfi, a 1967, ta kuma fitar da littafi a kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa a 1972. Cikin abin da ta lura da shi akwai wanda ya kamata mai sauraro ya riƙe, domin zai sake ɓullowa a gaba: akwai talaucin da ke hana mutum noman gonar kansa, saboda a kwanakin da ya kamata ya yi wa kansa noma yana can yana ƙwadago a gonar wani don a sami na tuwon dare.

Cikin waɗanda suka fara dawowa da yawa ɗauke da sana'ar da ba ta gado ba, akwai sojojin da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan 1945 wasunsu sun sauka sun iya tuƙi da kanikanci, wasu sun shiga aikin ɗan doka ko masinja a En'e. A ƙarshen 1969 kuma aka ga wata irin dawowar daban, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Ghana. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kasuwanci a zangon Kumasi suka iso gida da abin da suka iya ɗaurawa a ka. Tun daga nan zancen ya rabu gida biyu, kuma har gobe a haka yake. Na farko, ina sana'ar take zaune, a hannun mutumin ne ko a garin da ya bari? Na biyu, yaya ya dawo, da shirinsa ko an tiso ƙeyarsa?

A fara da ɗan acaba, domin irinsa suna da yawa a cikin waɗanda suka dawo a 'yan shekarun nan. Abuja ta hana acaba a tsakiyar birni tun 2006. Kano ta bi sahu a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Babbar guguwar ita ce ta Legas. Daga 1 ga Yunin 2022 gwamna Babajide Sanwo-Olu ya haramta acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi 6, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba kuma aka ƙara 4, har da Oshodi da Mushin. Babur ɗin da aka kama ba tara ake ci a mayar ba, niƙe shi ake yi da inji a gaban 'yan jarida. Wanda ya yi sa'a ya tsira da nasa, ya ɗora shi a kan tirela ya yo arewa.

A ido, wannan mutum bai canza sana'a ba: babur ɗin nan ne, hannun nan ne. Amma a Legas fasinja baƙo ne, ya hau, ya biya, ya sauka, ko gaisuwa babu, kuma wani na tsaye yana jira. A gida kuwa, wanda ya ɗaga masa hannu a bakin kasuwa ƙanin mahaifiyarsa ne.

"Kai ɗan nan, miƙa ni Karofi."

"To, Kawu, bismilla."

An isa, Kawu ya sauka, ya ce Allah ya yi albarka, ya ce a gaida mutanen gida. An biya ke nan. Bayan Kawu ga mai haƙuri da za a kai asibiti, ga amaryar maƙwabci da za a kai unguwa, duk ba wanda za a buɗe baki a ce wa kawo kuɗin mai. Cinikin kirki sai ranar kasuwa, ranar kuma duk wanda ke da babur a yankin ya fito, har da sauran waɗanda suka dawo daga Legas tare da shi. Da damina hanya ta ci taya, ta ci sarƙa.

Ban da wannan, yankin yana da nasa dokokin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar tsaro wadda ta hana hawan mutum uku a babur, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Dutsin-Ma. A watan Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, sai a Disamba aka fara maido da shi. An kuma rufe wuraren cajin waya na kuɗi. Don 'yan bindiga aka yi dokar, wannan ba a musu. Amma a dubi waɗanda ta faɗa wa: ɗan acaba, ɗan bumburutu, mai caji, mai katin waya, mai POS, mai turke rago. Waɗannan su ne ainihin ƙananan sana'o'in da mai dawowa da ɗan jarinsa ya fi saurin faɗawa, domin ba su buƙatar koyo mai tsawo. Kafin a farfaɗo kuma, aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki.

Shi ya sa in aka nemi ɗan acaban Oshodi bayan shekara biyu, ba za a same shi da sana'a ɗaya ba. Da safe yana gona. Da rana ya ɗaure buhun masara ko akuya a bayan babur ya kai kasuwa, domin kaya sun fi mutane biya. A bayan ɗaki ya turke raguna biyu yana jiran Babbar Salla. Mutumin da ya saba ƙirga cinikinsa kowane dare ya koma ƙirga na shekara. Wasu sun iya wannan sauyi. Wasu sun sayar da babur ɗin, sun ci kuɗin, sun sake hawa mota.

Labarin mai ɗaura tayil daban yake. Irinsa yakan fara ne da lebura a wani gini a Abuja, kwanon kankare a ka daga safe har la'asar. In yana da ido da haƙuri, sai ya maƙale wa wani gwani, sau da yawa ɗan Togo ko ɗan Kwatano, domin su ne suka yi suna a aikin tayil da silin na filasta. Shekara ɗaya yana kwaɓa siminti yana miƙa tayil, shekara ta biyu a bar shi ya yi banɗaki, ta uku a ba shi falo. Abin da ya koya yana cikin yatsunsa: yadda ake jan igiya, yadda ake duba ma'aunin ruwa, yadda ake ƙwanƙwasa tayil a ji ko akwai rami a ƙarƙashi. Ba gwamnan da zai iya kafa dokar da za ta raba shi da wannan.

Kuma Dutsin-Ma ta yau tana da wurinsa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, gine-gine suka tashi: ɗakunan haya na ɗalibai, gidajen malamai, shaguna, masallatai. Mai tayil, da mai walda, da mai haɗa wuta, da mai aikin famfo, da mai ɗora sola a kan rijiyar burtsatse, duk sun sami mai kira. Wanda yake yaron wani a Gwarimpa ya zama maigida a garinsu, da yara biyu ko uku a ƙarƙashinsa. A nan ne ake ganin ci-rani ya ɗaga mutum da gaske, har ya ɗaga waɗanda ba su je ko'ina ba.

Sai dai kada a zuzuta. Kuɗin aikin bai kai na Abuja ba, aikin kuma ba kullum ba ne. Injin yanka tayil sai da janareta, janareta sai da mai. Mai gini yakan ce a yi haƙuri sai an biya albashi, ko sai an sayar da wake. Babban ciwon kuma shi ne takarda. In kwangilar gyaran aji ko asibiti ta fito, ba gwanin ake ba, wanda ke da rajistar kamfani ake ba, shi kuma ya juyo ya ɗauki gwanin aikin yini. Alhali akwai jarrabawar gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke yi, mai mataki uku, wadda ke ba mai aikin hannu shaida ko da bai yi dogon karatun boko ba. Mutane da yawa sun shekara goma a kan sana'a ba wanda ya taɓa gaya musu akwai ta.

Akwai kuma sana'o'in da ba su biyo mutum gida ko da ya so. Gadi na buƙatar mai gida da get da abin da ake tsaro. Wankin takalmi na buƙatar masu sa takalmi sau-ciki. Dako a kasuwar Mile 12 ta Legas na buƙatar tirelolin tumatir da ke sauka kowace asuba. Sana'a kamar dashe take, wani in an cire shi daga inda ya tsiro yakan kama a sabuwar ƙasa, wani kuwa kafin yamma ya yi yaushi. Mai shayi na cikin masu kamawa: tebur, da butar shayi, da kiret ɗin ƙwai, da Indomie, a kafa a bakin tasha ko kusa da ɗakunan ɗalibai. Ɗan jari-bola ma yakan kama, in ya tara abin sayen sikeli, sai ya daina yawo ya zauna yana saye daga hannun yara yana tara lodi.

Wani abin da ba a faɗa a fili shi ne kunya. Magidancin da ya yi shekara bakwai yana yankan farce a Obalende, ya gina ɗaki da shi, ya yi aure da shi, ba zai rataya almakashi ya wuce ta ƙofar gidan surukansa ba. A can ba wanda ya san ɗan wane ne. Haka saurayin da ya ƙware a tsire da balangu a Fatakwal, in ya ce zai kafa tukuba a gida, akwai dattijon da zai kira shi gefe ya ce fawa ba gadonsu ba ce. Da haka mutum yakan ajiye sana'ar da ya iya, ya kama wadda bai iya ba, don kawai a ce ya buɗe shago. Shagon tireda kuwa a layi ɗaya sai a ƙirga biyar, kowa da sukari da omo da magi, kowa da littafin bashi. A ganin wannan shiri, jarin 'yan ci-rani da kunya ta ci bai gaza wanda ɓarayi suka ci ba.

Masu sauraro, in kun kama mu a tsakiya, muna magana ne a kan yadda sana'ar mutanenmu ke sauyawa bayan sun dawo daga ci-rani. Yanzu sai waɗanda suka tsallaka iyaka.

Hanyar sananniya ce: Jibiya ko Kwangwalam, Maraɗi ko Damagaram, Agadas, daga nan ko a bi ta Dirku zuwa Sabha a Libiya, ko ta Arlit da Assamaka zuwa Tamanrasat a Aljeriya. Aikin da ake samu gini ne, da gona, da kiwo, da gidan burodi, da wankin mota. Wanda ya yi shekarunsa lafiya ya sauko da kansa, yakan zo da abin sayen gona ko mota. Amma tun yaƙin 2011 da ya kifar da Gaddafi, lokacin da aka riƙa farautar baƙar fata da zargin sojan haya ne, irin wannan dawowa ta yi ƙaranci. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Aljeriya kuwa ta shekara da shekaru tana kwaso baƙi a manyan motoci tana zubarwa a cikin hamada, su taka wajen kilomita 15 kafin su isa Assamaka. Mutumin da ya dawo ta wannan hanya bai rufe lissafinsa da kowa ba. Albashin wata uku na hannun Balarabe, kayan aikinsa na ɗakin da bai sami komawa ba, wayar da lambobinsa ke ciki an ƙwace.

A gida kuma bashi ne ke tarbarsa. Kuɗin tafiyar sau da yawa daga jinginar gona ya fito, ko daga sayar da shanun huɗa. Ga shi ya iya filasta irin ta Larabawa, ya iya sarrafa ban-ruwa na zamani, amma damina ta faɗi ba shi da gona, ba shi da taki. Sai ya shiga sahun 'yan ƙwadago, wani lokaci ma a gonar tasa da ke hannun wani. Abin nan da aka gani a Batagarawa a 1967 ke nan, ya dawo da sabuwar riga.

Tun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, da kuɗin Tarayyar Turai, ta dawo da dubban 'yan Najeriya daga Libiya da Nijar, hukumar agajin gaggawa ta NEMA na karɓarsu a Legas, wasu a Kano. Tallafin da ake bayarwa galibi ba tsabar kuɗi ba ne, horo ne na 'yan kwanaki da kayan fara sana'a. Amma mafi yawan waɗanda suka bi wannan layi 'yan Edo da Delta ne, ofisoshin ma a Benin da Legas suka fi ƙarfi. Ɗan Kurfi yakan lallaɓo ne da kansa ta Maraɗi, ya shigo gida da dare. Sunansa ba ya cikin rajistar kowa.

Masu bincike sun daɗe da gano abin da ke raba wanda ya dawo da shirinsa da wanda aka tiso ƙeyarsa. Jean-Pierre Cassarino ya nuna a 2004 cewa nasarar mai dawowa ta rataya ne a kan shirinsa: ya so dawowar, kuma ya sami lokacin tattara kuɗi da kaya da mutane. A Masar, wadda 'ya'yanta ke zuwa aiki ƙasashen Larabawa kamar namu, Barry McCormick da Jackline Wahba sun gano a 2001 cewa a wajen wanda bai yi karatu ba, abin da ya tara ne ke sa ya kafa sana'ar kansa, a wajen mai karatu kuwa har da abin da ya koya a tsawon zamansa. Wahba da Yves Zenou sun ƙara wani abu a 2012: mai tafiya yana samun kuɗi da gogewa, amma yana asarar mutane. Wannan kam Bahaushe bai jira jami'a ba, ya riga ya ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya shekara goma ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, bai san dillalin da ake yarda da shi ba, bai san wanda ba a ba bashi ba. A watanni shidan farko ake yi masa wankin babban bargo.

Mata ma suna cikin wannan lissafi, ko da yake ba a cika sa su ba. Akwai waɗanda suka tafi Umra suka zarce, akwai waɗanda ejan ya kai aikatau gidajen Larabawa. Saudiyya ta tsananta kamen marasa igama tun Nuwamban 2013, a Janairun 2021 ma an sauke ɗaruruwan 'yan Najeriya a Abuja. Aikatau dai ba ya biyo mace gida, ba wadda za ta yi wa maƙwabciyarta shara don kuɗi. Abin da ke biyo ta shi ne abin da ta gani ta iya: haɗa turaren wuta da humra, ɗinkin abaya, ƙunshi, girkin shinkafar Larabawa a gidan biki. Waɗanda suka zauna Sudan sun zo da dilka da halawa, yau ba amaryar da ake kaiwa ba a yi mata gyaran jiki ba. Sana'o'i ne na cikin gida, jarinsu kaɗan, kuma waya ta sa ana tallarsu ba sai an fita ba. Abin da ke karya irin wannan mace ba kasuwa ba ce. Ta shekara takwas tana aiko riyal a saya mata fili a yi gini, ana aika mata hoton bulo, ta sauka ta tarar ba filin ba ginin, wanda ya ci kuma ciki ɗaya suka fito. Ba takarda, ba shaida, in ta ce za ta kai ƙara a ce ta tona asirin gida.

Na masu karatu gajere ne. Ɗaliban da yaƙin Sudan na 15 ga Afrilun 2023 ya koro sai da suka nemi gurbi a wasu jami'o'i, wanda ya gama likitanci a waje kuma ba ya taɓa majinyaci sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa. Ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna, da aka rufe KTL a 2002 da UNTL a 2007, sun dawo da ƙwarewar injin da babu irinsa a garinsu, wasu ba a ma biya su haƙƙinsu ba. Manyan ma'aikata kuwa hanyarsu a share take: gonar kaji, makarantar kuɗi, siyasa ko sarauta. Marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979, daga baya ya zauna a gida yana Maraɗin Katsina, Hakimin Kurfi.

Duk inda aka zaga, ƙarshen mafi yawan masu dawowa gona ce, kuma a nan yankin yake da abin da wasu ba su da shi. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a zamanin Shehu Shagari, an gina ta ne da nufin ban-ruwan kusan hekta 8,000. Har yau noman ranin da ake yi da ita bai kai abin da aka tsara ba, ko da yake a 2021 an buɗe aikin kai ruwan sha daga can zuwa Katsina. Muhimmancin wannan ga zancenmu shi ne, noman rani ne kaɗai sana'ar da ke cin watannin da ci-rani ke ci. Mai injin ban-ruwa da 'yar fadama, yana tumatir da albasa da tattasai daga Nuwamba zuwa Afrilu, ba shi da lokacin zuwa Legas. Masu dawowa da yawa da suka zauna da gindinsu, injin ban-ruwa suka fara saye kafin su sayi katifa.

Amma gona sai da kwanciyar hankali. Yankin na maƙwabtaka da Safana da Batsari, bakin dajin Rugu, kuma mutanen Wurma ba su manta da harin Agustan 2019 ba, da aka kwashi mutane da dama. Wanda ya dawo da alamar kuɗi, ya yi rufin kwano, ya sayi shanu, shi ne infoma ke fara nunawa. Saboda haka dawowar wasu takan tsaya rabin hanya. Mutumin ƙauye ne, amma sai ya kama haya a cikin garin Dutsin-Ma ko Kurfi ko Katsina, ya bar wa ƙaninsa gonar, shi ya koma sayen hatsi yana ajiyewa, ko ya ja keke Napep. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, amma mai jari ba ya komawa ƙauye da jin sanarwa, sai ya ga maƙwabcinsa ya kwana a gona ya dawo lafiya.

Saura kira. Ɗan'uwa da ke sauraronmu a waya daga Agege ko Mararraba, kada ka bari sai ranar da aka kama babur ɗinka ka fara tunanin gida. In kana kusa da mai sana'ar hannu, maƙale masa ko da kuɗin yinin bai kai na acaba ba. Abin da za ka aiko a saya maka, gona ce ko fili, a rubuta, mai unguwa da shaidu su sa hannu, ko da mahaifinka ne zai saya. Ka riƙa leƙowa gida da damina. Iyaye da 'yan'uwa, a bambance tsaraba da jari, kuma in yaro ya ɗauke ku a babur, a ba shi ko da kuɗin mai ne. Shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, tare da hakimansu, Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, da dagatansu, su ne suka fi kowa iya sanin wanda ya dawo da abin da ya iya. A rubuta su gunduma-gunduma, a miƙa sunayen ga hukumar bunƙasa sana'o'i ta jiha, KASEDA, da hukumar samar da aikin yi ta NDE da Ƙauyen Sana'o'in Matasa da ke Katsina, a kuma nemi masu gwajin sana'a su zo Dutsin-Ma su yi jarrabawar a nan, maimakon kowane magini ya biya kuɗin mota yana neman ofis.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda ke kan hanya.